Wurin da Yaya Ya Bar Mini a Tabarma

Daga Allah muke, gare Shi kuma yayana ya koma ranar Talata da hantsi, kwana biyu bayan ruwan farko ya sauka a Garwa. Kwana uku muka yi muna zaman makoki a zaurensa na bakin zango, kuma ban taɓa zama a makokin da mutane suke auna maganarsu kamar wannan ba. Kowa ya shigo sai ya tsuguna ya ce "Allah ya ji ƙansa," sannan ya saci kallona, ya ga ko da ƙarfi zan amsa ko a ciki.

Wani tsohon Bafillace ya tako tun daga Jambutu da sandarsa, ya kama hannuna ya ƙi saki. "Sey munyal, Malam, sey munyal," in ji shi, wato sai haƙuri. "Mutumin nan shi ya hana mu zubar da jinin juna a bakin zangon nan. Ina cikin masu jifa ran nan, ban ɓoye maka ba."

Ɗan baffanmu, wanda rawanin Sarkin Zango yake kansa har yau, ya zo da mutanensa ya zauna can gefe. Da zai tashi ya ce, "Ya fi ni, wannan kowa ya sani. Amma da shi aka naɗa, da yanzu babu sauran saurayi a zangon nan." A numfashi ɗaya ya faɗi duka biyun.

Sai wani baƙo daga Yola da ba mu taɓa gani ba. Ya dire ƙwaryar goro, ya ce ubansa ya bar masa wasiyya, duk ranar da mai gidan nan ya rasu ya zo ko da rarrafe ne. Ya fi mu kuka, har sai da liman ya dafa shi.

Uwargidana kuwa ta tuƙa tuwon sadaka ta aiko, amma bakinta bai furta masa addu'a ba. Ban ga laifinta ba.

Yaran da aka haifa bayan tafiyar Jamus ba su san shi da komai ba sai tsoho mai tabarma a hammata, wanda aka ce ya taɓa neman sarauta bai samu ba. Shi ya sa na ɗauko alƙalami. Ni ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in akwai wanda ya hana shi sarautar nan, ni ne.

Yaya madugu ne tun kafin Baturen Jamus ya kafa bariki a Garwa. Shi yake jan ayarinmu zuwa Ngaundare har cikin ƙasashen kurmi, mu kai gishiri da tufa, mu komo da goro da roba. Ba mutum ne mai daɗin tafiya ba, gaskiya. Goro ɗaya sai ya raba shi takwas ya miƙa maka ɓallin da ko haƙori ba ya ji, yana jira ka yi godiya. In magana ba ta yi masa ba, nan take kunnensa ya toshe. Shekarun da ya yi a ƙasar Fulani sun fi na 'ya'yansa, amma in ya buɗe baki da Fillanci matan kasuwa sai sun riƙe ciki.

Abin da aka san shi da shi tabarma ce, ta kaba, mai jan baki. In aka ce akwai 'yan fashi a gaba, ayari ya rikice, masu jaki suna neman juyawa, shi sai ya shimfiɗa ta a tsakiyar hanya ya zauna ya ciro wuƙar goro. "Ni ba na yanke shawara a tsaye," haka yake cewa. "In ina tsaye ƙafata ce take tunani." Duk wanda ya zo masa da ihu, amsa ɗaya ce: ya gyara zama ya ce, "Matso, akwai wuri." Ko tabarmar ta cika maƙil sai ya faɗa, kuma sai wurin ya samu. Mutum ya zo da wuta a baki, yana zama sai ka ji muryarsa ta sauka.

Da aka yaye ɗana na fari, Yaya ya aiko aka ɗauke shi, kamar yadda ake yi. A gidansa ya tashi, shi yake kira Baba, ni kuwa Baba Ƙarami. Ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In zancensa ya taso sai in ce "yaron Yaya." In muka haɗu a zaure, bango nake kallo. Amma na san takunsa tun daga bakin rijiya, kuma ranar da aka ɗaura masa aure na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi dariya ni kaɗai. Watanni kaɗan ke nan kafin yaƙi.

Abubuwa uku suka haɗu mana a damina ɗaya. Tsohon Sarkin Zango ya rasu, aka ba Yaya riƙon ƙwarya kafin masu gida su zaɓi wanda za a kai wa Lamido ya naɗa, kuma kowa ya san tsakaninsa ne da ɗan baffanmu. Binuwai ya cika amma jirgin da yake zuwa daga Yola bai zo ba, sai labari ya zo a madadinsa, cewa Jamus da Ingilishi sun kama yaƙi a can ƙasarsu, kuma wai namu kogin ma yana ciki. Sai kuma dawa ta ɓace daga kasuwa, don soja suna kwashewa suna kai wa masu haƙa ramuka a tudun bariki.

A gidan Yaya kuwa akwai baƙi uku, wani dattijo da ƙannensa biyu, fataken gishiri daga Yola. Sun shigo lafiya, hanya ta rufe a bayansu.

Da Ingilishi suka kawo hari na farko aka kore su, sai magana ta bi gari cewa akwai wanda ya nuna musu hanya. To wa za a nuna? Mu Hausawa ne, danginmu suna ƙarƙashin Ingilishi, ga kuma baƙin Yola a zangonmu. Mutanen da yunwa ta riga ta hasala ba su buƙaci ƙarin bayani ba. Ranar kasuwa bayan azahar aka cinna wa rumfunanmu wuta, taron ya juyo bakin zango ana ihu a fito da 'yan leƙen asiri. Samarinmu suka fito da gora da adda. Tsakanin ɓangarorin biyu bai fi tsawon igiyar guga ba.

Yaya ya ratsa ta cikin samarin yana ture su da gwiwar hannu. Ya shimfiɗa tabarmarsa daidai tsakiya, ya zauna, ya ciro goro. Dutse ya same shi a gira, jini ya sauko har gemu, bai ko shafa ba. Ya ɗaga ido ya nemo wanda ya fi kowa ihu, wani mahauci da muka san ubansa, ya yi masa magana da gurgun Fillancin nan nasa.

"Kai, ba ni na kai ubanka Ngaundare da ƙafarsa ta kumbura ba? Matso, akwai wuri. Zo ka gaya mini wa ya ga baƙina sun fita ƙofar gari."

Mahaucin bai zauna ba, amma ya daina ihu. Yaya ya juya ga namu samarin ya ce duk wanda bai ajiye adda ba ya nemi wani zangon. Haka ya zauna yana tauna goro da jini a fuska har dogaran Lamido suka iso suka watsa taron. Ran nan da a ce za a yi zaɓe kafin magariba, ko ɗan baffanmu shi zai zaɓa.

Washegari da safe soja ya kawo saƙo, Baturen bariki yana neman mai riƙon zango. Kafin mu fita ɗan baffanmu ya shigo da dattawa huɗu.

"Yaya, ka san abin da zai tambaya," in ji shi. "Mutum uku ne, mu kuwa zango guda. Ka miƙa su mu huta."

"Sun ci tuwon gidana."

"Tuwon gidanka ya fi rumfunan da aka ƙone jiya?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya sassauta murya. "Malam, Juma'a mai zuwa ne zaɓe. Bayan abin da ka yi jiya rawanin nan naka ne. Kada ka zubar da shi saboda mutanen da ba mu haɗa komai da su ba."

Ni ma na sa baki. Na ce, "Yaya, wataƙila tsare su kawai za a yi har yaƙi ya wuce."

Ya dube ni. "Biyun da aka rataye makon jiya ma tsarewa aka ce." Ya naɗe tabarmarsa ya sa a hammata, muka bi shi.

A ƙofar ofishin sojan da yake gadi ya fizge tabarmar ya jefar gefe, ya ce ba a shiga da kaya. Na ga Yaya ya waiwaya ya dube ta sau biyu. Muka shiga muka tsaya, shi a gaba, ni da dattawan a bayansa. Baturen siriri ne, zazzaɓi ya mai da idonsa rawaya, da gani ya kwana biyu bai yi barci ba. Bai ce mu zauna ba, babu ma abin zama.

Tafinta ya ce, "Ya ce ka kawo baƙin Yola kafin rana ta faɗi."

"Gaya masa gishiri suka kawo. Baƙina ne, ni na tsaya musu."

Baturen ya yi gajeriyar dariya ya yi magana. "Ya ce da me ka tsaya musu? Kai tsoho ne, ko akwati ba za ka iya ɗauka ba. Ya ce gobe 'yan dako za su tashi kudu da akwatunan harsashi. In ka yarda da baƙinka har haka, ka sa 'ya'yanka a cikin ayarin. Baƙi su zauna a gidanka, amma in ɗayansu ya gudu ko ya aika magana, a kan 'ya'yanka za a huce."

Yaya ya sauya ƙafa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. "Ina da ɗa," in ji shi.

"Ya ce baƙi uku, ɗa ɗaya?"

Yaya ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi na cikinsa. Ya ɗan karkato kansa wajena, bai juyo duka ba, ya tsaya haka. Na san abin da yake shirin faɗa, dattawan ma sun sani. Kalma ɗaya ce tawa, in ce a'a. Amma ta yaya zan buɗe baki a gaban dattawan zango in roƙa wa ɗan fari? Da wane suna ma zan kira shi? Tun ranar da aka haife shi nake koyon yin shiru a kansa, kuma ran nan na iya sosai. Na kalli bango.

"Ina da biyu," in ji Yaya.

Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce ya isa.

Da sassafe suka tashi. Yaron ya biyo ta ƙofar gidana da akwati a ka, ba halin ya tsuguna, sai ya ɗan rage tsawo ya ce, "Baba Ƙarami, sai mun dawo." Na ce, "To." Abin da na ce masa ke nan duka. Uwarsa tana bayan zana tana leƙe, ita kunyar tata ta fi tawa, ko hawaye ba ta isa ta bari a gani ba.

Zaɓen zango ba wuya gare shi. Bayan sallar Juma'a a shimfiɗa tabarmi biyu a gindin tsamiya, kowane mai nema ya zauna a tasa, kowane mai gida ya je ya zauna wajen wanda yake so. Wakilin Lamido ya duba inda jama'a ta fi yawa ya koma ya faɗa. Babu ɓoyo, kowa yana ganin kowa.

Cikin kwanakin nan ɗan baffanmu bai zauna ba. Gida gida ya bi da magana guda: "Wanda ya ba da nasa, naka zai bari?" Ba ƙarya ya yi ba, tsoron da yake cikin kowa ya faɗa. Duk da haka, da na iso gindin tsamiyar, tabarmin biyu sun kusa yin daidai, don mutane ba su manta jinin da ya zuba a gemun Yaya ba. Ni ne na ƙarshe. Ido duka ya dawo kaina.

Yaya ya gyara zama, ya bar fili a damansa. "Matso, akwai wuri."

Na wuce shi. Na taka har tabarmar ɗan baffanmu na zauna a bakinta. Ban iya cewa a'a a gaban Bature ba, sai na faɗe ta da ƙafa a gaban zango. Da mutane suka ga ƙanensa na ciki ɗaya ya guje shi, sai suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya suna sauya wuri, har ya rage daga shi sai liman da wasu tsofaffin 'yan ayarinsa. Filin da ya bar mini yana nan a damansa, babu wanda ya zauna.

Ya tashi ya naɗe tabarmarsa, ya je ya tsuguna gaban ɗan baffanmu, wanda Yaya ya girme shi da shekara goma, ya ce, "Allah ya taya riƙo. Abu ɗaya nake roƙo, baƙina su zauna inda suke, an riga an biya musu." Sabon sarki ya ce ya ji, kuma ya cika, wannan zan shaide shi.

Sauran kowa ya sani. Aka kewaye garin, igwa ta yi ta faɗowa daga wajen kogi har Jamus suka miƙa wuya. Hanya ta buɗe, baƙin Yola suka koma gida da ƙafarsu su uku. Bayan shekara ɗan Yaya ya dawo shi kaɗai, ƙashi da fata, yana jan ƙafa. Ya ce atuni, gudawar jini, ya kama ɗan'uwansa gaba da Ngaundare, ya haƙa masa kabari da adda a gefen hanya, ya yi masa salla shi kaɗai, soja na kiransa ya yi sauri.

A zauren Yaya aka yi zaman makoki, don shi ne uba. Ni a layin masu zuwa gaisuwa na zauna. Da layi ya zo kaina na tsuguna na ce masa, "Allah ya ba da haƙuri," ya ce, "Amin." Ban san wanda ya fi wani shan wuya a cikinmu ba a wannan gaisuwar.

Daga nan ban fasa gaishe shi ba ko rana ɗaya, yayana ne. Kullum da safe in je in tsuguna a ƙasa bakin ƙofar zaure. Kullum ya gyara zama ya ce, "Matso, akwai wuri." Kullum in ce, "Nan ma ya isa." Shekaru muka yi a haka, har yara suka ɗauka wasa ne tsakaninmu. Matar ɗan nawa ta haifi 'ya mace bayan tafiyarsa. Da aka yaye ta, Yaya da kansa ya ɗauko ta a kafaɗa ya kawo ƙofar gidana, ya ce a gaya wa uwargida ga mai taya ta hira. Bai ƙara ko kalma ba, uwargida ma ba ta aika godiya ba, amma a bayanta yarinyar ta girma.

In aka tambaye ni ko daidai ya yi, ban sani ba. Na ga baƙon Yola yana kuka a makokinsa, na san akwai gidaje uku a can da suke cike da 'ya'ya da jikoki saboda shi. Na kuma san gidana. Na ji haushinsa shekara da shekaru, na kuma girmama shi fiye da kowa a duniya, kuma biyun ba su taɓa barin juna su huta a cikina ba.

Ranar Lahadi kafin ya rasu ya aiko a kira ni da hantsi. Na same shi kwance a tabarmar nan, ta tsufa har jan bakinta ya koɗe. Ya sa kowa ya fita, har ɗansa. Na tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum. Sai na ga ya kafa gwiwar hannu yana jan jikinsa zuwa gefe, kaɗan kaɗan, yana nishi, mutumin da ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa. Bai samu numfashin faɗin maganar ba ma. Na tashi na je na zauna.

"A tsaye na yanke shawarar nan," in ji shi. "Sun karɓe tabarmar a ƙofa."

"Na gani, Yaya."

"Na juyo ina jiran ka ce a'a. Na kuma san ba za ka iya ba. Na sani sarai, kuma na yi aiki da sanin." Ya huta. "Ban kira ka don ka yafe ba, wannan tsakaninka da Allah ne. Duba, babu kowa a ɗakin nan, ni ma na kusa fita. Kira sunansa."

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya jira, yadda yake jira a tsakiyar hanya. Sannan na kira shi. Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta shekara a rufe. Na sake kira, na sake, har na ji ina kiransa da ƙarfi kamar yana bakin rijiya zai amsa. Furfura a kaina, ranar ce ta farko da sunan ɗana ya fita daga bakina.

Yaya ya rufe ido. "To," in ji shi. "Ashe haka yake a bakin ubansa."

A cikin tabarmar muka ɗauke shi zuwa makwancinsa, da aka gama ɗansa ya naɗe ta ya miƙo mini. Ranar uku da la'asar, bayan jama'a sun watse, ina zaune a kanta a zaure sai ga uwargidana ta leƙo ɗaukar kwanuka. Na gaya mata abin da ya faru ranar Lahadi. Ta tsaya da kwano a hannu. Na gyara zama na ce, "Matso, akwai wuri."

Ta ajiye kwanon ta zauna. Sannan ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya ji ƙansu, su biyun."

Na amsa da ƙarfi.